Ranar da Jibril Ya Kira Sunan Babana

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar labarina. Wadda ta iso yau ta matso kusa, ba ta makara ba. Sunana Sakinatu, 'yar Ƙofar Jatau ce ni a cikin birnin Zariya. Abin da zan ba ku ya faru ne a 1992, lokacin ina koyarwa a firamaren unguwarmu, ina budurwa, ina kuma ji da kaina ba kaɗan ba. Ku da kuke soyayya da waya a ƙarƙashin filo ba ku san wahala ba. Mu a zamaninmu in saurayi yana son ganinki sai ya wanke ƙafa ya zo zaure, kafin ki gama saka kwalli duk layin ya san ya zo.

Nawa saurayin Jibril ne. Dogo, baƙi, mai wushirya, tsohon malamin sakandare da aka rantsar ɗan majalisar dokokin jiha a farkon shekarar, yana wakiltar mazaɓarmu. Iyayensa sun riga sun kawo kayan na-gani-ina-so, akwatin yana kan sif a ɗakin Umma, sa rana kawai ya rage. Ina son Jibril, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Ko a rediyo na ji muryarsa yana kawo ƙudiri a zauren majalisa, sai na ajiye abin da ke hannuna.

A shekarar gari ba lafiya. Ɓarayi na haura katanga, ga jita-jitar tashin hankali kullum, yau a ce nan gobe a ce can. Kowace unguwa ta kafa 'yan sintirinta. Mu a tamu har shinge aka yi a bakin hanyar da mota ke shigowa, aka gitta dogon ƙarfe da sarƙa da ƙaton kwaɗo, a kulle bayan isha'i a buɗe da asuba. Da aka rasa wanda kowa zai yarda ya riƙe makullin, sai aka kawo wa Babana, domin shi ne limamin unguwa, kuma rabin magidantan layinmu a gabansa suka koyi alif da ba.

To, wani dare naƙuda ta kama Ramatu, matar Shehu mai gyaran rediyo. Aka sa ta a motar maƙwabci za a kai ta asibiti a Wusasa, suka tarar da shinge a kulle. A nan cikin motar ta haihu. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, jaririn kuwa bai yi rai ba. Unguwa ta yi jaje aka ce ƙaddara ce. Amma 'yan uwan Ramatu ba su yarda a bar maganar a nan ba, suka sa Shehu gaba har sai da ƙorafi ya kai majalisa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka ce ana sallama da ni. Na ɗauko atamfata mai ruwan goro, na kafa ɗaurin da ake yayi, na yafa farin gyale, na shafa turare ɗan goma har sai da Umma ta yi atishawa. Na sami Jibril zaune a can gefen tabarma, hularsa a gwiwa.

“Ranka ya daɗe, yau majalisar ce da kanta ta taso zaurenmu?”

Ko murmushi bai yi ba. Nan gabana ya ɗan faɗi.

“Sakina, Kakakin majalisa ya miƙa ƙorafin Shehu ga kwamitin tsaro.”

“To madalla.”

“Ni ne shugaban kwamitin.”

“Na sani mana, ai an ishe mu da kai a rediyo.”

“Za mu yi zaman sauraron jama'a a nan, a filin makarantarku, ranar Laraba. Kuma cikin shaidun akwai...” Sai ya nuna ƙofar cikin gida da haɓarsa.

Bari in fahimtar da 'yan bana abin da ya ɗaure masa baki. Tun da Jibril ya fara nemana bai taɓa haɗa ido da Babana ba. Motarsa can bakin masallaci yake ajiye ta ya tako da ƙafa. In ya hango Baba daga nesa sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ba zai miƙe ba sai Baba ya wuce. Sunan Baba kuwa ya haramta a bakinsa, har wani abokinsa mai irin sunan ya koma kiransa Mai Sunan Malam. Haka ake yi wa suruki a cikin birni, kuma da wannan ake gane ɗan mutunci. Ita kuwa majalisa tata ƙa'idar daban. Shugaban kwamiti a kujerar sama yake zama, shi ne zai kira shaida da sunansa na yanka don magatakarda ya rubuta, shaidan ya tsaya a gabansa ya amsa tambaya.

Na ce, “To ka sauka mana, wani ya hau.”

“In na sauka, mataimakina ne zai hau, Honorabul Mika'ilu na ɗaya jam'iyyar. A mazaɓarsa 'yan sintiri suka karya wa wani ɗalibi hannu, tun ranar ya ci alwashin sai an rushe sintiri a jihar baki ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, amma ba don ya ji amsa zai tambayi Baba ba, ya riga ya yanke hukuncinsa. In kuwa aka rushe, kin san 'yan sandan ba su da yawan da za su tsare kowane lungu. Na tashi a gaban kowa na faɗa wa Kakaki abin da ke tsakanina da gidan nan. Ya ce mazaɓata ce, in je in yi aikina.”

“Ai shi ke nan, ka yi aikinka.”

Ya daɗe yana juya hular. “Akwai wata tambaya da nake tsoron amsarta.”

“Wacce?”

“Ba zan iya faɗa miki ba. Ke 'yar shaida ce.”

Dariya na yi har da tafa hannu. Ni ce yau 'yar shaida? Na gyara gyalena na ce masa, “Ka ji ni da kyau. Babana ba shi da abin ɓoyewa, ko a gaban Gwamna. Ka tambaye shi duk abin da ka ga dama, ni na ɗauke maka.” Da gaske nake har zuciyata. Na san Babana, ko na ce ina zaton na san duk abin da ya shafe shi.

Kafin magariba maganar ta riga ni shiga gida. Gwaggo Delu na samu a tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli, fuskar nan kicin-kicin. Ita ce yayar Babana, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma a gidanmu maganar aure ba ta wucewa sai ta bakinta. Tun farko ba ta so ɗan siyasa ba. Cewa take mutumin da ya iya roƙon ƙuri'a ba abin da ba zai iya faɗa ba.

“Zo nan, uwar iyayi. Gaskiya ne abin da nake ji? Yaron nan zai ɗare kujera ya sa ƙanena tsayuwa a rana?”

“Gwaggo, aikin hukuma ne.”

“Hukumar ce ta zo neman aurenki? Shi ya zo. Ya kama sunan Malam gatsal a lasifika, har matan unguwar Tukur-Tukur su ji, sannan gobe ya shigo gidan nan a kai masa ruwa?” Ta ɗaga murya. “Ke Umma! Sauko min da akwatin nan.”

Umma ta fito da shi ta ajiye a bakin ƙofar Gwaggo. Idonta kawai na kalla na san ta yi kuka.

“To ki gani da idonki,” in ji Gwaggo. “Ranar da ya kira sunan nan, a ranar akwatin zai koma inda ya fito. Ba a yi mijin da za a sayar da mutuncin gidan nan saboda shi ba.”

Baba ya shigo yin alwala ya tarar da mu. Gwaggo ta zayyane masa komai, tana jiran ya ce ba za shi ba. Ya gama wanke ƙafarsa a natse ya ce, “Yaya, hukuma ta kira, zan je. Maganar akwati kuwa taku ce ta mata.” Ya sa takalmi ya fita.

Ranar Litinin da aka tashi makaranta na biya kemis ɗin bakin titi, inda ake da wayar tarho, na nemi gidan 'yan majalisa a Kaduna. Mai kemis yana jera kwalabe, kunnensa duk yana wurina. Na gaya wa Jibril sharaɗin Gwaggo.

“Sakina, na yi tunani. In na kwanta ciwo ranar Laraba, ba wanda zai ce na sauka, ba wanda zai ce na yi rashin kunya.”

“Ciwon me?”

“Zazzaɓi mana.”

“To wallahi in ka yi zazzaɓin ƙarya, ba sai Gwaggo ta wahala ba, ni zan ɗauki akwatin a kaina in kai gidanku. Mutum ya rasa ɗansa, kai kana lissafin akwati? Ban ce ina son matsoraci ba.”

“In na rasa ki fa?”

“Ba ka rasa ni ba tukuna. Ka sa farar shaddar nan, ta fi yi maka kyau.”

Na ajiye kan wayar. Mai kemis ya ce, “Malama, Allah ya ba shi lafiya.” Na ce amin, na fice ina ta cika ina batsewa.

Laraba da hantsi filin makarantarmu ya cika maƙil. An kafa rumfa, an shimfiɗa koren ƙyalle a dogon tebur, janareta na ta ruri a bayan ofishin hedimasta. Maza a fili, mu mata aka buɗe mana azuzuwa muna leƙe ta taga. Ajina ya fi kusa da rumfar, don haka nan Gwaggo ta zaɓa. Ta zauna a bencin 'yan aji uku, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tana jan carbi.

Motocin majalisa suka shigo. Jibril ya fito cikin farar shaddar da aikin aska takwas a ƙirji. Baba yana zaune a layin gaba da sandarsa. Tun daga nesa Jibril ya tuɓe takalmi, ya je ya tsuguna a ƙasa gabansa, babbar rigar na jan ƙasa, ya gaishe shi kansa a sunkuye.

“Munafunci,” in ji Gwaggo.

Sannan ya miƙe, ya sa takalminsa, ya hau kujerar tsakiya. Aka buɗe da addu'a. Ya yi bayanin cewa majalisa ta damu da tsaron unguwanni, ta kuma damu da kada tsaron ya koma cutar da waɗanda ake tsarewa, kuma abin da aka ji a nan shi za a kai zaure a yi muhawara a kai. Shehu aka fara kira. Ya ce sun tsaya a shingen tun tsakar dare har kiran sallar farko, matarsa na salati a mota, a bayan shingen kuma babu ko keke balle mota. Ya ce Inuwa, mai tsaron shingen, ya tafi ɗauko makulli ya dawo hannu rabbana.

Sai aka zo wurin. Jibril ya jawo lasifika, ya gyara murya.

“Kwamiti na kiran... Baba Malam.”

Honorabul Mika'ilu, wani gajere mai tabarau, ya ɗaga hannu. “Shugaba, gyara. Magatakarda ba shi da wani Baba Malam cikin shaidunsa. A birnin nan kowane gida akwai Baba Malam.”

Filin ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Na ga Jibril ya ɗauki kofi ya kurɓi ruwa, gumi na bin wuyansa. Ya ɗago ya dubi tagar ajina, don ya san inda nake. Na cire hannuna daga bakina na tsaya sosai ya gan ni.

“Kwamiti na kiran Malam Isma'ila, limamin unguwar nan.”

Lasifikar ta kwashi sunan ta watsa har bayan ganuwa. Matan ajin suka ɗauki salati. Carbin Gwaggo ya tsaya cak a hannunta. Ta waiwayo ta dube ni, ni kuwa ban sunkuyar da kai ba.

Baba ya taso a hankali. Jibril ya ce a kawo masa kujera, Baba ya girgiza kai. “Yadda kowa ya tsaya haka zan tsaya.”

“Malam, makullin shingen a wurin wa yake kwana?”

“A wurina. Inuwa ke kullewa ya kawo mini, in sa a ƙarƙashin matashina.”

“A daren da ake magana, an zo an karɓa?”

“Ba wanda ya zo. Da asuba aka gaya mini haihuwar ta zo da gaggawa, kafin a yi wani yunƙuri mai aukuwa ta auku.”

“Shehu ya ce sun daɗe a tsaye.”

“Ban ce ya yi ƙarya ba. Wanda ke cikin tashin hankali, ɗan lokaci kaɗan sai ya ga ya yi masa tsawo.”

Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa har wani daɗi ya tsarga mini, na ce a raina kun ji Babana. Da Jibril ya tsaya a nan da ba wanda zai ga laifinsa. Amma bai tsaya ba.

“Malam ya ɗan dakata a inda yake. Kwamiti na kiran Inuwa tela.”

Inuwa magidanci ne da furfura a gemu, 'ya'yansa biyu a ajina suke. Kullum bayan asuba yana zaurenmu da littafinsa. Aka ce ya yi alwala, aka miƙa masa Alƙur'ani.

“Malam Inuwa, ka je gidan Malam a daren?”

Inuwa ya saci kallon inda Baba yake tsaye.

“Alƙur'ani ne a hannunka.”

“Na je.”

Baba ya juyo gaba ɗaya ya dube shi.

“Ka buga ƙofa?”

“Na yi sallama.”

“Da ƙarfi?”

“Yadda ake yi wa Malam sallama.” Ya sunkuyar da kai. “Na yi tari, na sake sallama. Na koma shinge, na dawo. Na ɗaga hannu zan buga, wallahi hannun ya ƙi. Ƙofar Malam ce. Na san yana tashi nafila cikin dare, na ce bari in jira ya tashi da kansa.”

Sai a lokacin na tuna. A makon nan Baba zazzaɓi ya yi, Umma ta ba shi magani mai sa barci, kwana biyu bai tashi nafila ba. Ɗakinsa ne a jikin zaure, mu muna can ƙuryar gida.

Honorabul Mika'ilu ya cire tabaransa. Wannan karon a hankali ya yi magana. “Me ya hana ku fasa kwaɗon?”

“Malam ne ya sa shi da hannunsa, ya yi masa addu'a.”

Baba bai nemi izinin kowa ba, ya juya wurin Shehu.

“Shehu, matarka ce a motar. Kai ma ba ka zo ka buga ba?”

Shehu ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na jijjiga. Daga ajin da ke kusa da namu wata mace ta fashe da kuka, ba sai an gaya mini Ramatu ce ba.

Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. Ya tako har gaban teburin ya ajiye shi a kan koren ƙyallen, daidai gaban Jibril.

“Shugaba, a rubuta. Inuwa ba shi da laifi, sintiri ba shi da laifi. Makullin hanyar jama'a bai kamata ya kwana a ƙarƙashin kan mutumin da ake jin nauyin tayar da shi ba. Ni na karɓa ban yi wannan tunanin ba.”

Jibril ya ce, “An rubuta, Malam. Kwamiti ya gode.” Yadda ya iya fitar da kalmomin nan Allah kaɗai ya sani. Kafin a tashi, Honorabul Mika'ilu da kansa ya kawo shawarar a rubuta a rahoto cewa kada a sake sa kwaɗo a hanyar mota a kowace unguwa, maganar rushe sintiri kuwa a bar wa zauren majalisa. Sauran 'yan kwamitin suka amince. Ban tsaya jin addu'ar rufewa ba, domin Gwaggo ta riga ta miƙe.

A gida na tarar ta jawo akwatin tsakiyar tsakar gida, ta aika a kira mata mata biyu da za su ɗauka.

“Kin ji da kunnenki ko? Bai tsaya ga sunan ba, sai da ya tsiraita shi a gaban almajiransa. Ke kika ɗaure masa gindi, na sani.”

“Ni ce, Gwaggo.”

“Au, har kina da bakin amsawa?”

“Tambayata kika yi.”

Umma ta daka mini harara. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da gyalena a jikina. Ban yi nadama ba, amma zuciyata kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ni na ce Babana ba shi da abin ɓoyewa, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ban sani ba shi ne akwai abin da aka ɓoye masa.

Baba bai fito sallar azahar ba, na'ibinsa ne ya ja. La'asar ma haka. Abincin da aka kai masa ya dawo a rufe. Matan da Gwaggo ta kira sun iso, suna ɗaura gammo, sai muka ji muryarsa daga ɗaki.

“Sakinatu.”

Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Yana zaune a kan buzunsa, rawaninsa a gefe. Ban taɓa ganin Babana ya tsufa ba sai ranar.

“Ya yi shawara da ke kafin ya hau kujerar nan?”

“Ya yi, Baba. Ya so ya kwanta ciwo, ni na hana shi.”

Ya gyaɗa kai.

“Ni na sallaci jaririn nan. Na tsaya na yi musu nasiha a kan haƙuri da ƙaddara, Inuwa yana bayana, Shehu yana gefena. Ba wanda ya buɗe baki.” Ya ɗago ya dube ni. “Tun ina saurayi nake karantarwa a zauren nan. Ashe abin da na koya musu ke nan, su fi jin nauyin barcina a kan ran mace da ɗanta.”

Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

“In tambaye ki. Da ke ce a ƙofar nan a daren, da kin buga?”

“Da na ɓalle ta, Baba.”

Wani ɗan guntun murmushi ya zo masa ya wuce. Ya jawo rawaninsa ya naɗa, ya ɗauki sandarsa. Na bi bayansa zuwa tsakar gida. Matan nan suka zube suna gaishe shi, ɗaya har ta riga ta kama hannun akwatin.

“Ku ajiye,” in ji shi. Ya juya wurin Gwaggo. “Yaya, na ce maganar taku ce ta mata, to yau ina roƙon ki bar mini ita. A duk garin nan mutum ɗaya aka samu da ya iya dubana ya tambaye ni. Ba zan kore shi daga gidana ba.”

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga idonsa. Ita ta goya shi, ta fi kowa sanin idon nan. Ta ja bakin zanenta ta share fuska, ta shige ɗaki ta saki labule.

Baba ya nufi zaure. Umma ta yi ƙarfin hali ta ce, “Malam, ina za ka ba ka ci komai ba?”

“Gidan Shehu. Akwai wadda ban nemi gafararta ba.”

Har ya sa ƙafa a zaure ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Sakinatu, ki aika wa Jibril ya turo iyayensa a sa rana. Amma shi kada ya zo tukuna. Ban iya haɗa ido da shi ba.”